Yajin birnin Munich

A 2003 majalisar birnin Munich na Jamus ta yi yaji daga gidan Microsoft. Ta ce ta gaji da kuɗin lasisi, za ta koma Linux da OpenOffice, manhajojin da kowa ke iya ɗauka kyauta, ya leƙa cikinsu, ya gyara. Steve Ballmer, shugaban Microsoft na lokacin, da kansa ya zo biko, har da ragin farashi. Magajin gari Christian Ude ya ce a kai kasuwa.

Kwashe kaya kawai ya ci shekara goma. Sai a 2013 aka ce an gama, kwamfutoci wajen 15,000 sun koma LiMux, wato Linux ɗin birnin. Ma'aikata kuwa suka shiga ƙorafi, wai takardar da aka turo daga waje, in an buɗe ta, sai layuka su karkace. Injin buga takarda ma in ya ƙi aiki, laifin Linux ne, sai ka ce dā can bai taɓa gardama ba.

A 2016 Microsoft ya kai hedikwatarsa ta Jamus cikin Munich. A 2017 majalisa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. An ce wai babu alaƙa. A 2020 sabuwar majalisa ta fara maganar sake ɗaure kaya.