Masu Takwas da Masu Neman Ciko

A 1916 wani Ba'amurke, Gilbert Lewis, ya bayyana cewa halin kowane sinadari yana ga ilektoron ɗin da ke zagayensa na waje, kuma yawancinsu burinsu su cika takwas su huta. Da a majalisar shayi ta Zangon Wagadugu ya zauna, da bai sha wahalar bincike ba.

Ga Malam Sodiyam. Ɗaya tak gare shi a aljihun waje, ɗayan nan kuma ya hana shi barci. Da sefa ta shigo hannunsa, kafin tafasar farko ya rabar. Shi ya sa masana ke ajiye shi cikin kananzir, don ko ruwa ya taɓa sai tsalle da huci. Yayansa Fotasiyam ya fi shi garaje: nasa ɗayan ya fi nisa da cibiya, riƙon sako-sako, shi wuta ma yake kamawa.

Sai Kulorin, mai bakwai, sarkin "saura kaɗan". Kullum maganarsa: "Yaya, cika mini dala in sa wa babur mai, kasuwar Rood Woko za ni." Shi kaɗai guba ne. Amma zaunar da shi kusa da Malam Sodiyam: wannan ya miƙa, wancan ya cafke, sai ga gishirin da mai tsire ke barbaɗawa.

Hajiya Kabon huɗu gare ta. Ba ta kyauta, ba ta roƙo, sai dai a haɗa jari. Uwar adashi ke nan: tana cikin gawayin, tana cikin sukarin, tana cikin mai shan shayin.

Alhaji Argon kuwa takwas cif. Ba ya cin bashi, ba ya bayarwa, ba biki ba suna. Kusan kashi 1 cikin 100 na iskar majalisar shi ne, amma ba a taɓa jin bakinsa ba. Masu walda suna ƙaunarsa, don ba ya shiga sharon da ba shanunsa.

An daɗe ana rantsuwa cewa 'yan gidan su Alhaji ba a cin ko anininsu. Sai a 1962, a Kanada, Neil Bartlett ya haɗa ɗan'uwan Alhaji, Zenon, da wani sinadari mai ɗauke da Fulorin, ƙanen Kulorin da ya fi shi naci, sai ga hannu ya shiga aljihu. Don haka Alhaji ya rage fariya: shi ma tuni maroƙin ya gano ƙofar gidansa.