Jama'ar Filin Waƙa

Mawaƙin Hausa ba ya waƙa shi kaɗai. Ko ya zo babu 'yan amshi, jama'ar fili za su ba shi aro, kuma a cikinsu akwai waɗanda ke ganin da ana adalci da an raba kuɗin liƙi da su.

Ga Alhaji mai liƙi. Tun da hantsi ya aiki yaro aka farfasa masa kuɗi, sababbin naira hamsin-hamsin, domin shi tsawon tsayuwa a fili yake saye. Ɗaya bayan ɗaya yake mannawa a goshin mawaƙi, yana gyara hannun babbar riga, yana satar kallon abokin hamayyarsa na kasuwa. Duk daren baiti ɗaya yake ji, wanda sunansa ya fito a ciki. Sanƙira ya san lagonsa: da ya ga hannu ya fara sanyi sai ya jawo sunan kakansa, aljihu ya sake buɗewa. Ni dai Mamman Shata nake ɗora wa alhakin wannan. Shi ya nuna wa duniya cewa ko direban mota kan dawwama a bakin mutane idan kalangu ya kama sunansa, ga shi Shata ya rasu tun 1999 amma ba a daina ambaton mutanensa ba.

Kusa da shi akwai mai warware habaici. An haife shi bayan Narambaɗa ya bar duniya, amma duk zambon da aka yi a fadar Sarkin Gobir na Isa ya san da wa ake. Sai ya matso, ya rage murya: “Ka san da wa yake nan?” Ba ka tambaya ba, amma za ka ji, har da sunan dokin mutumin. Gobe a wata majalisa sunan ya sauya.

Mai gyara kuwa ya haddace Imfiraji ta Aliyu Namangi. Makaho na rerawa a ƙofar gida, shi yana daga zaure yana cewa, “A'a malam, ka tsallake baiti biyu.” A gyara, a maimaita, sannan ya ce Allah ya ba da haƙuri, yau babu canji.

Ɗan'uwansa na jami'a ya fi shi wahala. Ana rera waƙar Aƙilu Aliyu kowa na kaɗa kai, shi yana ƙirga gaɓoɓi da yatsu, yana neman kari da amsa-amon ciki. Ka ce masa waƙar nan ta yi daɗi, ya ce sai an duba layi na uku tukuna.

Sai malamin nan da ba ya jin kiɗa, kuma ya sha faɗa wa unguwa haka. Amma idan kotson Ɗanƙwairo ya taso daga rediyon mai shayi, dubi babban yatsan ƙafarsa. Ka kama shi, ya ce hikimar zancen kawai yake bi.

Gwanayen sauraro a wurina su ne matan cikin gida. Su ba sa tafi, aiki suke sa waƙa. Uwargida na shara tana bin Barmani Choge a hankali, har a zo daidai inda aka taɓo kishiya, nan take murya ta ƙaru, tsintsiya ta koma bakin ƙofar amarya. Amarya ba ta ce uffan ba, ta dai ɗauko turmi, ta soma daka da nata baitin. Maigida ya shigo ya tarar da gida lafiya lau, kowa na nishaɗi, ya fita yana godiya ga Allah da ya ba shi mata masu son adabi.

Tsoho mai cewa waƙa ta mutu ba sai an daɗe a kansa ba, haka mahaifinsa ya ce ranar da ya fara jin kuntigin Ɗanmaraya Jos. Jikansa kuma yana wajen Aminu Ala, waya a sama tun daga farko har ƙarshe, ya ɗauki hoton wasan da bai kalla ba.

Wanda mawaƙi ke tsoro shi ne mai jira a watse. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya yaba, ya ƙara yabawa, sannan ya zaro tsohon littafin rubutu daga aljihu: “Ranka ya daɗe, ni ma ina ɗan taɓawa. Ba ta da tsawo, baiti ɗari biyu ne kacal.”