Jikokin Toma, ku matso kusa

Tun da na ce gobe za ta yi kyau kuke ta yi mini dariya a teburin mai shayi. Wani ma ya ce ko fasto ya sa ni a albashi ne. Wane albashi? Ni da baikon ranar Lahadi ma sai na dunƙule shi a hannu, kada na kusa da ni ya ga launin takardar kuɗin.

Kun ce ban san halin da ake ciki ba. Haba, jikokin Toma mai shakka! A Nyanya nake shiga mota, inda bam ya tashi da safiyar 14 ga Afrilu 2014, kuma tun 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, sai na lissafa kuɗin dawowa kafin in fita. Ban manta bam ɗin Madalla ba, Kirsimetin 2011, a ƙofar cocin St. Theresa. Amma ku leƙa sujadar Hausa a Karu ran Lahadi. Akwai wata tsohuwa a zumuntar mata, zanen ƙungiyarta ya koɗe, silifas ɗinta an ɗinke shi da zare, tana buga tulu kamar an ce mata mudun shinkafa ya koma kuɗin da. Ta fi ku sanin farashin mudun, ita ke zuwa kasuwa.

Ku a wurinku bege shi ne mutum ya rufe ido ya ce komai lafiya. Ku tambayi annabi Irmiya. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, shi kansa yana tsare, sai ga ɗan'uwansa da tallan gona a Anatot. Ya saya! Shekel 17 na azurfa, aka kira shaidu, aka sa hannu, aka adana takardun cikin tulu don su daɗe. Da a Abuja ne, da kun ce dillali ya damfari bawan Allah. Shi kuwa ya san birnin zai faɗi, ai wa'azin hakan ne ya kai shi kurkuku. Alkawarin Ubangiji ya riƙe, cewa wata rana za a sake cinikin gonaki a ƙasar.

Yanzu bari in zo kanka, maigida, kai mai cewa ƙasar nan ta gama yawo. Wa na gani ran Asabar a bayan Kuje, da hular rana, yana ƙirga bulo? Wa ke biyan fili kaɗan-kaɗan duk wata, har ya dasa mangwaro a kusurwa? Mangwaro fa, ba alayyafo ba. Wa zai sha shi, in ba goben da ka ce babu ita ba?

Tunda ƙasar ta ƙare, sayar mini da filin a rabin kuɗi. Zan zo da shaidu, tulun ma zan aro wajen tsohuwar nan.