Tela ya samu, mai golmo ya tashi a tutar babu

Jikin ɗan Adam yana da tsoka fiye da 600, kuma masana sun bi kowace sun raɗa mata suna da Latin. Wata don siffarta, wata don wurin zamanta, wata don yawan kawunanta: ƙwanjin da samari ke kumburawa sunansa "mai kai biyu", na bayansa "mai kai uku". Wadda ta fi kowace girma kuwa, a ɗuwawu take, kowa kanta yake zama.

To, ga inda aka yi son kai. Tsoka mafi tsawo, wadda ta ratsa cinya, tela aka ba wa, wai don yadda yake harɗe ƙafa in yana ɗinki. Ta kumatu kuma aka ce ta mai busa ƙaho ce.

Shi kuma saurayin garin Dabai, da zai shekara bakwai yana noman golmo a gonar surukai, ya zo ya kama kokawa lokacin bikin Uhola, ko 'yar tsokar yatsa ba a raɗa masa ba. Malaman asibiti, a sake zama.