'Yan Kwalliyar Gem Bakwai na Ƙofar Taramniya

Bayan sallar isha'i, idan zafin Sakkwato ya ɗan lafa, dakalan Ƙofar Taramniya da shagunan cajin waya sukan cika da samari. Wasu sun duƙufa kan Tecno da Infinix, wasu sun ɗora tsohuwar laftof 'yar Kwatano a cinya. Gem ake bugawa, amma rabin gardamar ta "mod" ce, wato kwaskwarimar da masu sha'awa ke yi wa wasa don ya ƙara kyau. Sai dai duk kyan da aka ƙara, na'ura ce ke ɗaukar nauyinsa. Wasa mai tafiya sumul yana buƙatar aƙalla hoto 30 a kowane sakan, in kuwa inji ya kasa zana su a kan kari, sai wasa ya kama tsinkewa. A wannan ciniki na kyau da gudu ne halin kowa ke fitowa fili.

Na farko shi ne Alhaji Ƙure-Maleji, wanda duk inda ya ga Ultra sai ya danna. Laftof ɗinsa ba ta da katin hoto na kanta, Intel HD ce mai cin aro daga RAM 4 GB, amma ya kwana yana sauke fatun 4K na tituna da gine-gine da datar dare. Bai san cewa fata ɗaya mai 4096 tsawo da faɗi ta ninka mai 1024 sau 16 ba, kuma in ba a matse ta ba, ita kaɗai tana lashe megabait 64. Da ya kunna wasan, titi ya ɓace, mota ta rataye a sama. Alhaji bai damu ba, ya jira har hoto ya cika, ya ɗauka ya sa a WhatsApp. Hotunansa sun fi na kowa kyau, amma har yau ba wanda ya taɓa ganinsa yana tuƙi.

Ƙaninsa a ɗabi'a shi ne Sarkin Sheƙi. Wasansa GTA San Andreas ne na 2004, abin alfaharinsa kuma ENB, kwaskwarimar Boris Vorontsov mai sa komai ya yi walƙiya. A watan Maris, lokacin da Sakkwato ta yi watanni rabonta da ɗigon ruwa, titunan Los Santos ɗinsa a jiƙe suke kullum, kowace mota tana ɗaukar ido. Inuwa mai laushi, hasken da ke dawowa daga kwalta da dishi-dishin abin da ke nesa su ne kayan da suka fi cin ƙarfin inji, shi kuwa duka ya kunna. An sha faɗa masa ya sa SilentPatch mai gyara kurakuran wasan, ko SkyGfx mai dawo da hasken PlayStation 2 ba tare da nauyi ba. Amsarsa guda ce: "Wanga ai bai ƙyalli."

Sai Ɗan Gaba-da-Zamani, mai rantsuwa cewa PES na shekara mai zuwa yana cikin wayarsa tun bana. A PPSSPP yake bugawa, manhajar da Henrik Rydgård ya fitar a 2012 don wasannin PSP su yi aiki a waya da kwamfuta. PES na ƙarshe da Konami ya yi wa PSP shi ne na 2014, kuma tun 2021 kamfanin ya sauya sunan wasan zuwa eFootball. Ke nan tsohon wasa ne aka ɗinka wa sababbin riguna, aka liƙa fuskoki, aka ɗora muryar Peter Drury.

A gaskiya kwalliyarsa ta fi ta kowa arha, don sauya riga da suna ba ya wahalar da inji. Duk wanda ya buga PES 2017 ya tarar da Man Blue da London FC da MD White a madadin Manchester City da Chelsea da Real Madrid, ya san darajar masu wannan ɗinki. Inda yake kwafsawa shi ne girman hoto. Allon PSP 480 ne a 272, ninki biyu ya wadatar da ƙaramar waya, amma sai ya kai ninki biyar, wato aikin zane ya ƙaru sau 25. Nan take Drury ya koma jan murya kamar kaset ɗin da batirin rediyo ya yi wa sanyi. Burinsa a duniya ya ga filin Giginya da rigar Sokoto United a cikin wasan.

Akawun Lamba kishiyarsu ne duka. Shi ba ya kallon wasa, lambar da ke ƙurya mai nuna yawan hoto a sakan yake kallo. Ya sauke girman hoto daga 1080 zuwa 720, abin da ke rage fiye da rabin ɗigon da ake zanawa, kuma wannan dabara ce mai kyau. Amma bai tsaya nan ba: ya kashe inuwa, ya share ciyawa, ya kori 'yan kallo, har ba a gane Osimhen sai da launin gashi. Yana bugun ƙirji da hoto 140, alhali allonsa 60 kawai yake iya nunawa.

Likitan Zafi ya gano rabin gaskiya. A watan Afrilu zafin garin yakan haura digiri 40, kuma inji in ya yi zafi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Shi ya sa wasan da ya fara lafiya yake soma ɗingishi bayan ɗan lokaci. Ɗora laftof kan bulo biyu da yake yi, da cire wa waya riga, da kakkaɓe ƙurar hunturu daga fanka, duk daidai ne. Inda likitanci ya koma bokanci shi ne manna ledar ruwan sanyi a bayan waya, don raɓar da ke tsatsafowa tana iya shiga ciki. Kuma duk wannan yana yi ne waya na jone da caji, tana ƙara ɗumama.

Malam Turo-Mani bai taɓa sayen data don mod ba. Ya buɗe Xender, ya matso: "Aboki, don Allah turo mani wanga naka." An tura, bai san inda ake ajiye fayil ba, ya shiga ZArchiver ya zuba komai a kan komai, ya share ajiyar wasan wata uku. Shi ne kuma ke sa manhajar da ba a san asalinta ba a kan PUBG Mobile ko Free Fire. Wasannin intanet suna rufe asusun wanda ya taɓa fayilolinsu, in aka rufe nasa sai ya ce hassada ce.

Na bakwai yana can gefe, ba ya cika baki. Kafin ya taɓa komai sai ya kwafe wasan ya adana. Yana sa mod ɗaya, ya gwada a wurin da motoci ko 'yan wasa suka fi cunkoso, sannan ya ƙara wani. Daga kwaskwarimar ReShade gyaran launi da kaifin hoto kawai yake ɗauka, su ne marasa nauyi. A wasan da ke da FSR, fasahar da AMD ya fitar a Yunin 2021 mai zana hoto ƙarami ta faɗaɗa shi, yana kunnawa, tunda tana aiki har a katin wasu kamfanoni. Kuɗin da wani zai ƙone a data, shi RAM na biyu ya saya, don Intel HD tana ƙara gudu idan an cike ramukan biyu. Sannan ya ɗaure wasan a hoto 30 tsayayye, ya ce ya fi 50 mai hawa da sauka.

Ba a taruwa a bayansa don kallo, ba a kuma neman hotunansa. Amma sauran shidan duk a wurinsa suke ƙarewa idan gem ya ƙi tashi, kuma aikinsa na farko kullum shi ne goge fatun 4K na Alhaji Ƙure-Maleji.