Yaya, A Aiko Mini da Hunturu

Landan, Ingila

Yaya,

Ina fata Inna da yara duk suna lafiya. Ni ma lafiya lau, ban da sanyin da ke neman tsofar da ni tun furfura ba ta fito ba.

Gyara zama ka sha labari: ƙaninka ya shiga koyon zanen fentin ruwa. Duk Asabar nakan bi wasu Turawa 'yan fansho zuwa bakin kogin Tems, kowa da 'yar kujerarsa da buroshi da gwangwanin ruwa. Takardar ta auduga ce mai kauri, wadda suke kira mai giram 300, don kada ta lanƙwashe in ta jiƙe. Kuɗinta kuwa, kada Inna ta ji.

Sirrin abin a hawa-hawa yake. Da sararin sama ake farawa, launi ruwa-ruwa. In ya bushe sai a ɗora bishiyoyin nesa, shuɗi-shuɗi. Abin da ke kusa da kai da inuwarsa su ne na ƙarshe, da launi mai kauri. Daga haske ake tafiya zuwa duhu, ba a komawa baya. Inda kake son fari, sai ka bar takardar yadda take. Kamar dai marinar Ƙofar Mata: a tsoma, a fitar ya sha iska, a sake tsomawa, baba na ƙara kamawa. Mai garaje, da wanda ya zarce hawa uku ko huɗu, laka yake tashi da ita.

To, a wajen bushewar nan gizo ke saƙa. Malamarmu ta ce in taɓa takardar da bayan yatsa, in na ji sanyi to da saura. Na ce, "Madam, a ƙasar nan mene ne ba shi da sanyi?" Kana zaune kana jira, yayyafi zai zo ya ɗora maka nasa hawan kyauta.

A gaya wa Kawu ya daina cewa zaman banza nake yi. Turner, gwanin wannan sana'a da ya rasu a 1851, hotonsa ne a jikin takardar fam 20. Nawa hoton dai har yanzu a fasfo kawai yake.

Don Allah in an sami mai tahowa, a ɗuro mini iskar hunturu a gora, a haɗa da yajin Inna. A gaida kowa da kowa.

Ƙaninka,
Auta