Ranar da Akwatin Sitiyari Ya Ƙi Zama

Tsohuwar Land Rover ba ta mutuwa a ƙasar Kazaure, sai dai ta suma. Ita ke ratsa yashin Babura da duwatsun Roni ta fito da buhunan gero, har ranar da sitiyari zai fara wasa, direba ya murɗa rabin zagaye kafin taya ta san da zancen. Sai a aika Ƙofar Ruwa a Kano a sayo akwatin sitiyari na gwanjo. In ya zauna, shi ke nan. In ya ƙi, gareji ya cika da masana.

Akwai Malam Duk-Ɗaya-Ne, wanda aka aika sayayyar. Bai tafi da tsohon ba, wai nauyi. Ya kalli ƙarfe ya ga ƙarfe, ya biya. Ya manta cewa tun 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma motocin da suka riga wannan ranar yawanci sitiyarinsu a dama yake. Akwatin dama da na hagu kamar takalmi ne, kowane da ƙafarsa. Ramukan noti suna kallon gabas, nasa suna kallon yamma, shi kuwa yana rantsuwa: "Wallahi Alhaji, mai shagon ya ce shi ne."

Sai Oga Guduma. A wurinsa ƙarfe ba ya ƙin shiga, taurin kai yake yi. Haƙoran sanda ba su yi daidai da na hannun da ke tura tayoyi ba? A buga. Notin Ingila na inci ne, sifanarsa ta milimita ce? A buga. In ya gama, komai ya shiga, ba kuma abin da zai sake fita har abada. Amininsa mai walda yana gefe da baƙin tabarau, jira yake a ce "ƙona shi", ko a jikinsa cewa wuta na kashe ƙarfin ƙarfen da rayukan fasinja goma ke rataye a kai.

Shi mai motar, Alhaji, kuɗin bai dame shi kamar tarihi ba. Zai faɗa maka auren da ta kai Gwiwa da daminar da ta ja tirela daga laka, amma tambaye shi shekarar da aka ƙera ta, ko Series II ce ko III, sai ya ce, "Ai ta girme ka."

Ba a rasa tsohon direba a kan benci, mai goro a kunci. Bai taɓa sifana ba tun zamanin Shagari, amma kowane noti aka ɗaure sai ya girgiza kai ya ce Bature ba haka ya yi ba. Yadda Baturen ya yi kuwa, sirri ne tsakaninsu. Kusa da shi ɗan makaranta ya buɗe YouTube, yana nuna musu wani Ba'amurke na gyaran Ford.

Can ƙarƙashin mota akwai yaron gareji, wanda ba a tambaya sai in za a sayo shayi. Shi ya jera tsoho da sabo a ƙasa ya gwada ramukan. Shi ya ƙirga haƙoran. Shi ya san cewa sai an murɗa akwatin ƙarshe zuwa ƙarshe, an ƙirga zagayen, an tsaida shi a tsakiya, tayoyi na kallon gaba, sannan a ɗaura hannun. In ba haka ba mota ta sha kwanar dama da daɗi, ta hagu kuwa sai an yi ribas sau biyu. Ya ce a hankali, "Oga, wannan fa na hagu ne." Aka ce ya rufe baki, yaushe aka haife shi.

Da la'asar Malam Duk-Ɗaya-Ne ya hau motar Kano da akwati biyu a buhu, tsoho da sabo. Kuɗin motar kuma Alhaji ne ya biya.